Ɗakin sanyin tumatir marar kuran: inda aikinmu ya kwana

Alhamis, 16 ga Janairu 2025

To jama'a an sa hannu, poroje ɗinmu na ƙarshen karatu ya wuce. Mu uku ne a grup, ni da wani ɗan Magariya wanda shi ne gwanin wayoyi da ordinater a cikinmu, sai ƴar Mirya wadda kawunta ke da garka can. Abin da za mu gina ɗan ɗakin ajiye tumatir ne mai sanyi wanda ba ya cin kuran, wato wutar lantarki, ko na dala, ruwa da iska kawai. Zan riƙa zubo inda aka kwana a nan lokaci zuwa lokaci saboda ƴan bayanmu, don abin haushi ne kowace shekara a ga sabon grup ya faro daga tushe alhali na gabansu sun riga sun sha wannan wahalar, memwar ɗinsu, wato littafin kammala karatu, na can cikin kabad tana shan ƙura.

In ka ce wa mutum injiniya kake karanta sai ya tambaye ka gada ko mota. Namu na abin da ke da rai ne, ban ruwa, rumbu, busar da kaya, injin sussuka, kashin shanu da ake mayarwa gas. A Amurka akwai irin su jami'ar jihar Mishigan da ta Kentaki masu sashe guda na wannan fanni, kuma a shekarar ƙarshe rarraba ɗalibai ake grup-grup a haɗa su da wani mai matsala ta gaske, manomi ko kamfani ko hukuma, su share shekarar suna zane suna gini suna gwaji har su miƙa masa abu a hannu. Malamin da ke duba aikinmu wannan tsarin ya ɗauko, ya ce shi ba ya sa hannu kan aikin da babu mai jiransa a waje. To mu mai jiranmu Kawu ne, kawun ƴar Mirya mai garka.

Me ya sa tumatir? Wanda duk ya shiga kasuwar Dole ta nan Damagaram yau ya ga amsa da idonsa. Yanzu kowa ya tsinko a lokaci guda, kaya sun cika kasuwa kuɗi ya faɗi, nan da wata huɗu kuma mata su koma kan kauɗa da na gwangwani. Shi tumatir kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma tsinke shi ba ya kashe shi, yana ci gaba da numfashi yana ƙona abin da ya tara, in zafi ya ƙaru da digiri 10 numfashin ya ninka ko ma ya fi. Donk duk digirin da ka rage masa ka saya masa lokaci.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mirya, ranar kasuwa. Kawu ya shimfiɗa mana tabarma gindin mangwaro, ƴar ƙanwarsa ta yi masa bayani tiryan-tiryan har ta ce a takardu an nuna tumatir na iya kai sati biyu a irin wannan ɗaki. Ya yi shiru yana gyara igiyar guga, can ya ce, ƴaƴana ni ba sati biyu nake nema ba, ku ba ni kwana huɗu. In dillali ya zo da la'asar ya taya mini kwando a wulaƙance in iya ce masa albarka, ya je ya dawo. Yanzu ya san ba ni da inda zan kai shi, ni ma na san ya sani.

Wlh wannan maganar ta fi mana babi guda na littafi. Ya ƙara da sharuɗɗa, kada mu sa abin da ɓarawo zai yi sha'awa, wato babu pano na hasken rana babu batiri, ya zama yaro ɗan shekara goma zai iya zuba masa ruwa, in kuma ya lalace a gyara shi da abin da ke cikin Mirya ba sai an aika Kano ba. Haka muka rubuta su a kaye, su ne ma'aunin da za a auna mu da shi.

Daga nan muka bi ta wajen masu tukwane. Dabarar ba sabuwa ba ce a wurin Bahaushe, kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi sbd randa na tsattsafo ruwa ta jikinta iska na busarwa. Wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya, a sa ƙarama cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da ɗanyen tsumma, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki sosai amma cikinta kaɗan ne, ta uwar gida ce ba ta mai garka ba. Wanda ya fi kusa da buƙatarmu shi ne na Indiya, wanda cibiyar binciken noma ta Niyu Delhi ta fitar a shekarun 1980: bango biyu na gasasshen tubali, tsakaninsu santimita 7.5 a cika da yashi, faɗin mita 1.65 da 1.15, tsayi bai kai mita ɗaya ba, yana ɗaukar wajen kilo 100. Daga shi za mu tashi. Mun sayi tukwane su ma, za su shiga gwaji.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau ranar lissafi ce, mai gudun lissafi ya tsallake, amma a nan aikin yake.

Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi a irin zafinmu sai ta sha wajen kilojul 2,400 na zafi, kuma daga abin da ke kusa da ita take zuƙo shi, wato bango da iskar da ke ciki. Sanyin ke nan, babu wani sihiri. Sai dai yana da iyaka, kuma iyakar tana da sauƙin gani: ka ɗauki tarmometir biyu, ɗaya ka naɗe masa baki da jiƙaƙƙen tsumma ka bar iska ta buge shi, abin da ya nuna shi ne ƙarshen sanyin da ruwa zai iya ba ka a wannan ranar ko da za ka juye tafki a kai. In waje 40 ne kuma laimar iska kashi 15, mai tsumma yana sauka wajen 20. In waje 35 ne laima kashi 60, a 28 zai tsaya. Shi ya sa abin nan ya dace da mu fiye da mutanen bakin teku, busasshiyar iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ita ce jarinmu.

To ga inda na tsaya ina kallon allo. Sanyaya kilo 100 na tumatir daga 35 zuwa 23 kilojul 4,800 yake ci, lita 2 ke nan kacal. Zafin numfashinsa na yini guda bai kai rabin lita ba. Amma rana tsaka tana sauke wajen wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, awa ɗaya kawai lita ɗaya da rabi ta tafi, in ka bi yinin duka a kan murfi mai kusan murabba'in mita 2 kana maganar lita 17 in da duk zafin zai shiga. Ma'ana ruwan da za mu zuba kusan duka ba tumatir zai sanyaya ba, faɗa zai yi da rana da iska mai zafi. Rumfa ba ado ba ce a wannan aikin, rabin injin ce.

Malam ya duba ya ce to tunda kun gano haka ku daina gaya mini digiri nawa kuka sauke, ku gaya mini kilo nawa kuka ceta da bido ɗaya na ruwa. Ɗan Magariya bai ji daɗi ba don shi burinsa ya ga 18 a kan ekran.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Rigimar tubali. Kawu ya ce me zai hana a yi da na ƙasa tunda ga laka nan kyauta, magininsa ya ce Alhaji bangon da za a riƙa jiƙawa safe da yamma? Kowa a nan ya ga yadda ruwan bara ya yi da tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram a watan Satumba, ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ba sai an yi dogon bayani ba. Bulon siminti kuma ba ya narkewa amma da muka tsoma gindinsa a tasa ruwan bai hau jikinsa yadda muke so ba, gasasshe kuwa kana kallo danshin na hawa. Mu bangon da ke tsotsa ya fitar muke nema.

Sai muka koma wajen masu tukwane muka roƙi wata dattijuwa ta gasa mana tubali. Ta ce ita tukunya ta gada ba bulo ba, muka ce Inna ai laka ɗaya ce wuta ɗaya ce, ta ce ɗan nan kauri ba ɗaya ba ne, abu mai kauri in bai bushe har ciki ba fashewa yake a wuta. Gaskiyarta kuwa, na farko da aka yi gaggawa da yawa sun tsage. Ta ce a rage kauri a ƙara ƙaiƙayi a cikin lakar a bar su su sha inuwa kafin rana. Ƙaiƙayin nan in ya ƙone yana barin ƴan ƙofofi a jikin tubalin, abin da muke so ke nan daidai, ita don kada ya fashe ta sa, mu kuma ya ƙara mana tsotso.

Yashi na gulbi muka ɗebo mai tsakuwa-tsakuwa, muka tankaɗe muka wanke shi, don in da laka a ciki toshewa yake.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na'urorin awo sun iso ta hannun wani direban Kano. Arduino ɗaya, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar awon, DS18B20 na zafi, DHT22 na laima, da katin da zai riƙa ajiye awon duk minti 10. Don gwaji ne kawai, in mun gama za mu kwashe abinmu kamar yadda muka yi wa Kawu alkawari. Kafin a yarda da su sai da aka gwada su, na zafi a cikin ƙanƙara da ruwa ya nuna 0, na laima kuma a rufe shi cikin kwalba da gishirin da aka ɗan jiƙa ya kwana, ya kamata ya nuna kashi 75. Ɗaya ya ƙi, ya tsaya can sama, mun ajiye shi gefe. Ƴan baya ku yi wannan gwajin don Allah, gishirin dala biyar ne.

Litinin, 10 ga Maris

An gama gini, cikin azumi, kada ku tambaye ni yadda muka ji. Aiki daga bayan asuba zuwa hantsi, daga nan kowa ya nemi inuwa. Rumfar zana muka yi mai tsayi, gabas da yamma mun sauko da ita ƙasa-ƙasa sbd rana, arewa mun bar ta a buɗe don iskar wannan lokacin daga arewa maso gabas take zuwa kuma ɗakin nan in babu iska ba ya aiki, danshi ne kawai zai taru ya tsaya. Murfi na kara ne da buhun zare irin na da, ba na leda ba.

Ranar farko bangon ya sha ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, muna zubawa yana ɓacewa, sai da yashi da tubali suka ƙoshi tukuna ya lafa. Mun bar shi babu kaya mun ga halinsa. Jiya da azahar waje 37, mai tsumma 18, ciki 24. Wato cikin digiri 19 da iska ta yarda a sauke mun samu 13, kashi 68 ke nan, ba laifi ko kaɗan ga abin da ba shi da fanka. Laimar ciki ta haura kashi 85. Abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne, zanen awon ne, na waje yana hawa yana sauka dare da rana, na ciki kuwa kusan a miƙe yake sbd nauyin jiƙaƙƙen yashin ba ya saurin ɗumama ba ya saurin hucewa.

Kawu ya cusa hannu ciki ya daɗe bai fitar ba, ya ce ikon Allah, sannan ya tambaya nawa ya sha yau. Mutumin nan da Malam kamar sun haɗa baki.

Juma'a, 21 ga Maris

Gwajin tumatir na farko ya kammala. Tsinka ɗaya muka raba uku, kashi ɗaya a kwando cikin inuwa yadda Kawu ya saba, ɗaya a tukwane, ɗaya a ɗaki, kullum da safe a ɗora a sikeli a ware wanda ya lalace. Na kwando kafin kwana huɗun Kawu su cika ya fara yamushewa, fata ta saki, nauyi na ta zubewa. Na ɗaki ya wuce sati da ƙarfinsa, wanda aka tsinko yana fara ja ma ya fi haka. Na tukwane yana bin bayansa kusa-kusa. Har launi ya bambanta, na waje ya tsaya wani ruwan lemo-lemo na ciki ya yi ja sosai, kuma dalilin sananne ne, sinadarin da ke ba tumatir ja ba ya samuwa da kyau in zafi ya wuce 30. Kada dai wani ya ce to a kai shi firigo, shi ma ƙasa da 10 zuwa 12 cutar da shi yake, musamman ɗanye.

Amma akwai matsala kuma babba ce. Laimar da ke hana shi yamushewa ita ce dai ke renon funfuna. Ɗaya mai rauni in ya shiga, kwana biyu ya yi furfura ya shafa wa na kusa da shi, abin da a waje da bushewa kawai zai yi. Da muka bi sawu kusan duk masu raunin daga gindin kwando suka fito, kwandon nan mai zurfi da ake danna kaya a ɗaure baki a ɗora a amalanke, na ƙasa ya riga ya mutu tun kafin ya ga ɗakinmu. Ƴar Mirya ce ta kawo shawarar faifai-faifai marasa zurfi na kaba, jeri biyu ko uku kawai, a tsince mai rauni tun a bakin garka ya tafi kauɗa, sannan duk ƙarshen zubi a wanke ciki da ɗan ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Kawu ya ce wannan ƙarin aiki ne. Ta ce Kawu ai ƙarin kuɗi ne. Ya yi dariya ya ce uwarki ma haka take.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Barkanmu da sallah. Wannan rubutun zai yi tsawo don a nan grup ya kusa rabuwa.

Mun auna ruwa. In yaro ya zuba da bokiti yadda ya ga dama abin na cin bido uku na lita 25 a yini, kuma da muka tona gefen ginin muka tarar ƙasa jiƙe sharkaf, wato wani kaso mai yawa ba tururi yake zama ba, zurarewa yake ƙasa a banza. A garka wannan ba tashin hankali ba ne, rijiya na nan taku kaɗan. Sai ɗan Magariya ya ce mu gina na biyu a cikin gari kusa da kasuwa mu sa masa ƙaramar fanka da pano, lissafinsa ya nuna za a ƙara sauke digiri uku ko huɗu, kuma lissafin daidai ne ban musa ba. Ni na ce fanka iska take ƙarawa, iska kuma ruwa take sha, a Damagaram kuwa ruwa ba abin wasa ba ne. Garin nan a kan dutse yake zaune, ka haƙa ka haƙa ka tarar da fa, shi ya sa ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Watannin da ɗakinmu ya fi aiki, Maris zuwa Mayu, su ne dai watannin da bido ke tsada a hannun ƴan garuwa mata na kwana a layin pampo. Kai ka zo ka ce a zuba wa bango.

Da musu ya ƙi ƙarewa muka ce a je a tambayi mai abin. Akwai wata Hajiya mai kayan miya a Dole da muke saye wurinta, muka zayyana mata komai. Ta ce samari ni kwandon da na sara da safe kafin magariba na sayar da fiye da rabi, abin da ke kwana shi ne damuwata, kuma ba shi da yawa. Ta ce wurin da zan gina wannan abu ma ina yake, rumfar haya ce. Muka nuna mata hoton tukunya cikin tukunya ta ce wannan dai, wannan ruwan alwala ma ya ishe ta.

Magana ta ƙare a nan. Babban ɗaki na garka ne inda ruwa yake kusa kuma kaya ke da yawa, cikin gari tukwane. Fanka ta koma shafin shawarwari na ƙarshen memwar. Ɗan Magariya ya yi fushi na yini ɗaya, washegari shi ne ya zo da dabarar tiyo, ga ta a ƙasa.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Dabarar ita ce a ɗora bido a kan ɗan dandamali sama da bango, a zagaya siririn tiyo a kan yashin a huda shi da allura mai zafi, a sa ƙaramin robine. Ruwa na ɗiga a hankali yini guda maimakon a kwarara shi sau biyu. Ƙasan yashin kuma mun shafe da siminti don ya daina zurarewa. Yanzu bido ɗaya da rabi yake ci kuma sanyin bai ragu ba, da azahar ma ya ɗan fi da, tunda bangon ba ya bushewa tsakanin zubi da zubi. Ramukan tiyon suna toshewa, yaron Kawu na bi da ƙaya yana buɗewa, ya mayar da shi aikinsa har ba ya so wani ya taɓa.

Wani farin abu ya fara fitowa a jikin tubali ta waje. Gishirin cikin ruwa ne, ruwa ya tashi ya bar shi. In ya yi kauri zai toshe ƙofofin, don haka mun sa a riƙa goge shi da burushi a ɗauraye, kuma mun rubuta a canja yashi kowace shekara. Wanda ruwan rijiyarsa ke da kanwa-kanwa ya sa ido sosai a nan.

Af, tunda a watan jiya sabon kundin ƙasar Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, na tambayi Malam ko za mu iya rubuta memwar da ita. Ya ce memwar dai da Faransanci, amma takardar yadda ake gini da kula da ɗakin ku yi ta da Hausa da zane, ita ce ma za a karanta.

Talata, 20 ga Mayu

Zafi ya kai inda ya kai. Waje 43, ciki 29, a daren ma bai sauka sosai ba. Tumatir ya ƙare a garka sai muka gwada wasu kaya. Ganye ne ya fi kowa morewa, zogale da yakuwa da a waje kafin la'asar sun yi laushi a ciki suna kwana biyu garau, karoti da tattasai ɗanye ma lafiya. Maƙwabcin Kawu ya kawo albasa ya ce a sa masa, muka ce Baba ita albasa bushewa take so da iska, in ta shiga nan tsiro za ta yi ta ruɓe, ta zauna a rudunta, wato rumbun albasa. Bai yarda ba sai da Kawu ya sa baki. Mangwaro kuma kada a haɗa shi da ganye ko ɗanyen tumatir, yana fitar da iskar da ke nunar da kaya, ganye ya yi rawaya.

Mun fara rubutu. Babin lissafin kuɗi ne ke ba mu wuya sbd farashin kwando na canjawa tsakanin safe da yamma balle tsakanin wata da wata, kuma ribar Kawu ta gaske ba a nauyin da bai zube ba kaɗai take ba, tana cikin ranar da ya ce albarka dillali ya dawo ya ƙara. Wannan ta faru a ƙarshen Maris muna zaune, amma sau ɗaya ba ya zama hujja a gaban juri, don haka labari za mu ba da shi ba lamba ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Iska ta juya, yanzu daga kudu maso yamma take zuwa da danshinta, hadari na haɗuwa da yamma. Awon shekaranjiya: waje 36, mai tsumma 27, ciki 30. In ka yi rabon kusan kashi 68 ɗin nan ne dai na watan Maris, ɗakin bai canja hali ba, iskar ce ta rage abin da take bayarwa daga digiri 19 zuwa 9. Ga funfuna ta samu abin da take so, ɗumi da laima. Don haka a memwar mun rubuta shi ƙarara, wannan ɗaki na rani ne, daga wajen Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu, da damina a daina zuba masa ruwa a buɗe shi ya bushe. Ɗan Magariya ya so a cire awon Yuni daga zane don yana rage wa sakamakon kyau, Malam ya ce shi ne zanen da ya fi so a duk aikin, a sa shi a babban shafi. Kawu ko a jikinsa, ya ce da damina ai gero ne a gabansa, wa ke da tumatir.

Mun kwashe Arduino da wayoyinsa. Ba a lika ranar sutnans, wato ranar kare memwar gaban juri, ba tukuna, ana cewa cikin Yuli. Sauran mu gyara babi na huɗu, mu buga takardar Hausar mu kai wa masu garake biyu da suka nema, sannan ƴar Mirya na son a ƙara shafi kan kuɗin gasa tubali in an yi da yawa lokaci ɗaya, don Inna ta ce wuta ɗaya na iya ɗaukar na ɗaki biyu. Jibi Litinin za mu koma da magini a ja ɗan lambatu a zagaye ginin a ɗaure rumfar da kyau kafin ruwa ya zauna, don inda yake ɗan gangare ne kuma ruwan garkar duka ta nan yake bi.